Edsel, Trabant ko Dauphine: Wacce Ta Cancanci Kuɗin Mai Sha'awar Tsofaffin Motoci?

A kasuwar tsofaffin motocin tarihi akwai wani rukuni da mutane ke nema saboda mummunan sunan da ya yi, wato motocin da aka ƙera bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda aka yi ta yi wa dariya tun suna sababbi. Galibinsu sun fi takwarorinsu masu farin jini araha, kuma duk inda aka ajiye su sai jama'a sun taru, shi ya sa mai matsakaicin ƙarfi da ke son ya mallaki motar tarihi yakan karkata gare su. Sai dai kafin mutum ya ciro kuɗinsa ya kamata ya raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa: munin siffa daban, rashin ingancin ƙira daban. Munin fuska ba ya cin ko sisi bayan an saya, amma kuskuren da injiniya ya yi a inji ko a ƙafafun mota mai shi ne zai yi ta biyansa muddin tana hannunsa. A kan wannan ma'auni za a auna motoci uku da ba a raba su da jerin waɗanda aka fi kushewa, wato Edsel ta Amurka, da Trabant 601 ta Jamus ta Gabas, da Renault Dauphine ta Faransa, sannan a taɓo ta huɗu daga Ingila a taƙaice.

Edsel ce ta fi su girma, kuma faɗuwarta ce ta fi ƙara. Kamfanin Ford ya ƙaddamar da ita ranar 4 ga Satumba 1957, bayan an shafe watanni ana kwarzanta ta a tallace-tallace ba tare da an nuna wa jama'a siffarta ba, aka kuma raɗa mata sunan Edsel Ford, ɗan wanda ya kafa kamfanin. Da aka yaye mayafin, abin da ido ya fara sauka a kai shi ne dogon hancin da ke tsaye a tsakiyar fuskarta, alhali sauran motocin zamanin duk fuskarsu a kwance take, kuma nan take Amurkawa suka kamanta shi da abin da ake rataya wa dokin keken kaya a wuya. Ta kuma fito a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi, mutane sun fara neman ƙananan motoci masu tsimin mai, ga shi farashinta ya yi karo da na Mercury, wadda ita ma ta Ford ce. Ranar 19 ga Nuwamba 1959 kamfanin ya sanar da daina ƙera ta, bayan an yi ƙasa da guda dubu 120 gaba ɗaya, kuma asarar da aka fi ambata ta kai dala miliyan 250 na wancan lokaci.

Abin da ya kamata mai saye ya lura da shi shi ne, a ƙarƙashin wannan fuska Edsel mota ce ta Ford kamar kowace. Ƙananan samfuranta na 1958, Ranger da Pacer, an ɗora su ne a kan ƙashin motar Ford, manyan kuma, Corsair da Citation, a kan na Mercury. Ƙananan suna ɗauke da inji mai silinda takwas na lita 5.9 mai ƙarfin doki 303, wanda ya fito daga zuriyar injunan da Ford ta ci gaba da ƙerawa har tsakiyar shekarun 1970, don haka kayan gyaransa ba sa wahalar samu a Amurka. Manyan kuwa injinsu lita 6.7 ne mai ƙarfin doki 345, daga wata zuriyar da ba a yi da yawa ba, kuma a nan ne neman kaya ke fara ɗaukar lokaci da kuɗi. Yawancin ƙorafin da masu ita na farko suka yi ya samo asali ne daga yadda aka haɗa ta, domin ba a ware mata masana'antarta ba, sai dai a cusa ta tsakanin motocin Ford da Mercury a layin haɗawa ɗaya, ma'aikata na sauya kayan aiki a gurguje, har wasu motocin suka isa wurin dillalai da sassan da ba a gama ɗaurawa ba. Motar da ta rayu fiye da shekara 60 an daɗe da gyara mata irin waɗannan kurakurai.

Kuskuren ƙira na gaske da ke jikinta shi ne tsarin sauya giya da aka kira Teletouch, inda aka jera maɓallai a tsakiyar sitiyari, daidai wurin da hannun direba ya saba zuwa idan zai danna oda. Wata ƙaramar na'urar lantarki ce ke karɓar umarni daga maɓallan ta tura giyar, kuma zafi da danshi da tsufan wayoyi kan sa ta maƙale, wani lokaci mota ta ƙi fita daga giyar ajiya idan an tsayar da ita a gangare. Ford da kanta ta watsar da tsarin a samfurin 1959, ta kuma rage tsinin hancin, ta sa motar ta ƙara kusantar Ford ta yau da kullum, har ana iya samunta da inji mai silinda shida. Saboda haka mai neman abin nunawa a taron baje kolin motoci ya nemi ta 1958, wanda kuma yake son ya riƙa hawa duk ƙarshen mako ba tare da fargaba ba ya nemi ta 1959. Ta 1960, wadda guda 2,846 kacal aka yi, ta masu tara kayan tarihi ce da aljihunsu ke da nauyi. Kowacce mutum ya ɗauka, ya sani cewa tsawonta ya haura mita biyar, tana shan mai ba na wasa ba, kuma yawancin kayan adonta na ƙarfe mai ƙyalli da fitilunta na baya ba a samunsu a jikin wata mota, don haka Edsel ɗin da ta rasa su ta fi wadda injinta ya mutu wahalar farfaɗowa.

Trabant kishiyar wannan ce ta kowace fuska. Edsel ta mutu ne saboda mutane sun ƙi saye, Trabant kuwa sai mutum ya yi rajista ya jira sama da shekara goma kafin layi ya zo kansa, domin a Jamus ta Gabas babu wani zaɓi mai yawa. Masana'antar gwamnati da ke birnin Zwickau, wadda daga baya aka sani da Sachsenring, ita ce ta fara ƙera ta a 1957, samfurin 601 kuma ya fito a 1964 aka ci gaba da yin sa kusan ba canji har 1990, kuma jimillar duk Trabant ɗin da aka yi kafin a rufe layin a 1991 ta haura miliyan uku. Injiniyoyin Zwickau sun zana sababbin samfurori da za su gaje ta, amma mahukunta suka ƙi sakin kuɗi, shi ya sa motar da ba ta da laifi sosai a ma'aunin farkon shekarun 1960 ta zama abin tausayi a ranar 9 ga Nuwamba 1989, lokacin da aka buɗe katangar Berlin, motocin Trabant suka yi jerin gwano zuwa Yamma suna tuƙa shuɗin hayaƙi.

Idan aka ɗaga bonet ɗinta, abin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai. Injin silinda biyu ne mai faɗin cc 594, iska ke sanyaya shi, don haka babu lagireto babu ruwa, kuma ƙarfinsa doki 26 ne a samfurorin baya-baya. Irin injin nan ne da ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, kamar ƙaramin janareton da masu shaguna ke kunnawa a bakin titi, kuma ƙararsa da warin hayaƙinsa ba su da nisa da na janareton. Tankin mai yana nan cikin ɗakin inji a sama da kafireta, fetur na gangarowa da kansa ba tare da famfo ba, kuma akwai makunnin mai a ƙarƙashin dashbod da direba ke buɗewa kafin ya tayar, ya rufe idan ya ajiye. A yawancinsu babu mitar mai, sai dai a buɗe tanki a tsoma wani ɗan sanda mai zane a ga inda ya jiƙe. Ma'aunin gaurayawa a samfurorin baya shi ne kashi ɗaya na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, a tsofaffin kuma ɗaya cikin 33, kuma wanda ya manta da wannan sau ɗaya tak yana iya ƙone injinsa. Akwai kuma wata ɗabi'a da dole sabon mai ita ya koya: tunda man da ke shafe injin yana tafe ne tare da fetur, sakin totur a doguwar gangara da giya a ciki na hana injin abin da yake buƙata, kuma giya ta huɗu ce kawai aka yi wa dabarar da ke sakin injin ya huta a irin wannan hali.

Jikinta shi ne abin da aka fi yi wa ba'a, kuma a nan ne ba'ar ta fi rashin adalci. Saboda ƙarancin farantin ƙarfe a ƙasar, an yi murfin ƙofofi da rufi da bonet da but da wani abu mai suna Duroplast, wanda ake samu ta hanyar matse ragowar auduga da wani irin ƙaro na sinadari a ƙarƙashin zafi. Ba ya tsatsa, ba ya lotsawa, kuma shi ya sa nauyin motar bai wuce kilo 600 da 'yan kai ba. Illarsa ita ce yana yaudarar mai saye, domin ƙashin da aka liƙa shi a kai ƙarfe ne, kuma mota na iya ƙyalli daga waje alhali dandamalinta da gindin ƙofofinta da kewayen tayoyinta duk tsatsa ta cinye. Idan kuma ya tsage, mai walda ba shi da abin yi a kai. Abin da ba za a iya kare ta a kai ba shi ne tsaro: tankin fetur na gaban gwiwoyin fasinja, birki na ganga ne a duk ƙafafu huɗu, gudunta da ƙyar yake haura kilomita 100 a awa, kuma haɗuwarta da motar zamani a babbar hanya ba abin da mai hankali zai so ya gwada ba ne.

Duk da haka, ta fannin riƙewa babu wadda ta kama ƙafarta a cikin ukun. Mutum biyu na iya ciccibo injinta su ɗora a kan benci, babu bawul balle a yi maganar saita shi, kuma da yake an yi miliyoyinta, har yau ana sayar da sababbin kayan gyaranta a Jamus da sauran ƙasashen gabashin Turai. Wanda zai saya ya fi kyau ya nemi wadda aka yi daga ƙarshen 1983 zuwa sama, lokacin da aka mayar da wutarta daga bolt 6 zuwa bolt 12, domin batir da ƙwan fitila sun fi sauƙin samu, tashinta da safe kuma ya fi tabbas. A Jamus, motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan a siffarta ta asali na iya samun lambar motocin tarihi mai harafin H, wadda ke ba ta damar shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi, kuma kowace Trabant ta riga ta cika wannan sharaɗi na shekaru.

Dauphine ce ke rikita lissafi, domin ita ba mummuna ba ce ko kaɗan. Ƙaramar mota ce mai ƙofa huɗu, mai zagayayyen jiki da fara'a a fuska, kuma da kyau kaɗai ake zaɓe da ita za a ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Renault ta fito da ita a 1956, ta ci gaba da yin ta a Faransa har 1967, an ƙera sama da miliyan biyu, an kuma haɗa ta a ƙasashe irin su Sifen da Italiya da Barazil da Ajantina, har ma ta lashe gasar tseren Monte Carlo a 1958. Matsalarta na ɓoye ne a inda ido ba ya kai wa. Injinta mai silinda huɗu na cc 845 yana can baya da tayoyin baya, wanda ya sa kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta ya taru a baya, ga shi ƙafafun bayan irin waɗanda ke lanƙwashewa ciki ne idan jiki ya ɗaga. Direban da ya shiga kwana da gudu sannan ya tsorata ya saki totur zai ji bayan motar na neman ya riga gaba, kuma iska mai ƙarfi daga gefe na iya ture gabanta da ba shi da nauyi. A Sifen har laƙabin motar zawarawa aka yi mata. Kamfanin ya tsara iskar tayoyin gaba ta yi ƙasa da ta baya sosai don rage wannan hali, kuma duk mai facin da ya cika su daidai wa daida kamar na sauran motoci ya mayar da ita abin tsoro ba tare da ya sani ba.

Matsala ta biyu ita ce tsatsa. An yi jikinta da siririn ƙarfe don a rage nauyi da farashi, ba a kuma yi masa kariyar kirki ba, kuma da yake jikin shi ne ƙashin motar, duk inda ya ruɓe ƙarfin motar ne ya tafi. Abin ya fi bayyana a Amurka, inda ta yi kasuwa sosai a ƙarshen shekarun 1950 kafin gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara ya cinye ta, ga rashin ƙarfin da ya sa takan ɗauki sama da rabin minti kafin ta kai kilomita 100 a awa. Sunan Renault ya ɓaci a can har sai da kamfanin ya fito da talla a tsakiyar shekarun 1960 yana lallashin waɗanda suka yi rantsuwar ba za su ƙara sayen motarsa ba. Injin kansa ba shi da matsala, kuma da yake an yi amfani da danginsa a Renault 4, kayansa na samuwa a Faransa. Wanda zuciyarsa ta riga ta kamu da ita ya nemi samfurin Gordini mai giya huɗu da ƙarin ƙarfi, musamman na 1964 zuwa sama da aka sa wa birkin faifai, kuma ya biya kuɗi mai yawa a kan wadda jikinta ke da lafiya, domin gyaran ruɓaɓɓiyar Dauphine yakan ci fiye da abin da za a sayar da ita bayan an gama.

Ta huɗun, Triumph Mayflower, wadda aka yi a Ingila daga 1949 zuwa 1953, ba ta buƙatar dogon bayani. An ɗauki kaifafan layukan manyan motocin alfarma irin su Rolls-Royce aka matse su a jikin motar da ba ta kai mita huɗu ba, da fatan Amurkawa za su yi rububinta, sai ta fito doguwa a sama, gajera a tsawo, da injin cc 1247 mai ƙarfin doki 38 da ke jan jikin da ya fi ƙarfinsa. Kimanin dubu 35 aka yi, kayan jikinta sun yi ƙaranci, kuma sai wanda ke zaune a Ingila kusa da ƙungiyar masu irinta ne zai ji daɗin riƙe ta.

Idan aka jera ukun farko, a ganina Trabant ce ta fi dacewa da mafi yawan masu sha'awa, musamman wanda wannan ce motarsa ta tarihi ta farko kuma yake son ya riƙa kwance ta da hannunsa. Aibobinta duk a fili suke, an san su, an san maganinsu, kuma babu wanda zai tsiyata mai ita, matuƙar ya yarda cewa motar zagaya gari ce da ƙananan hanyoyi, ba ta ɗaukar iyali zuwa doguwar tafiya ba. Edsel ta fi ta daɗin zama da ƙarfi da kwarjini nesa ba kusa ba, kuma ita ce kaɗai a cikinsu da za ta bi babbar hanya ba tare da ta zama cikas ga kowa ba, amma tana son gareji mai faɗi da kuɗin mai da kuma zama a Amurka ko Kanada, inda kayanta da masananta suke. Dauphine ce zan sa a ƙarshe duk da kyanta, saboda ita ce aibinta ke iya taɓa lafiyar direba a kwanar da bai yi tsammani ba, sannan tsatsarta na cin kuɗi a ɓoye. Wanda ya saba tuƙa motoci masu inji a baya, kamar tsohuwar Volkswagen, zai iya sassauta wannan hukunci, domin ya riga ya san yadda ake shiga kwana da irinsu.

Mai niyyar kawo ɗayansu gida Nijeriya yana da ƙarin abin dubawa kafin ya biya ko kwabo. Dokar kwastan ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a iya shigowa da ita, kuma duk waɗannan sun zarce iyakar da nisa, don haka sai ya fara tuntuɓar hukumar da wakilin fito da kaya ya ji matsayin motar tarihi tukuna. Mayflower kuma yawancinta sitiyarinta a dama yake, alhali Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, abin da ya sa irin wannan sitiyari ya zama matsala wajen rajista. Ta fannin yanayi, rashin gishiri a hanya da bushewar iskar arewa alheri ne ga jikin Dauphine da ƙashin Trabant, amma zafin watan Afrilu da cunkoson cikin gari jarrabawa ce ga tsohon lagireton Edsel, kuma ƙurar hunturu na son a riƙa wanke matacin iskar kowacce a kai a kai. Duk wadda aka zaɓa, ya kamata a sayo ta tare da kayan da suka fi saurin lalacewa, kamar robobin birki da kayan kafireta da na wuta da littafin gyaranta, a zuba su a kwantena ɗaya da motar, domin babu ɗaya daga cikinsu da bakanike zai aika yaro kasuwar kayan gyara ya dawo da abin da ake nema a ranar.